Filin Manoma: Yadda Ake Gane Darajar Taki Da Ta Abinci

Kowane akawu ya san ba a auna kan sarki da girmansa. Lambar da aka buga a jikinsa ita ke faɗin darajarsa, ƙarami ma ya kan fi babba tsada. To, haka buhun takin zamani yake. Shi ma an buga darajarsa a jikinsa, sai dai manoma da yawa ba su kula ba, su kan tambayi kuɗin buhu kurum su biya.

A jikin buhun Kamfa a kan ga 15-15-15. Lambar farko ta naitirojin ce, mai sa ganye ya yi kore shar. Ta biyu ta fosfat ce, mai ƙarfafa saiwa. Ta uku ta fotash ce, mai ƙarfafa kara da ƙwaya. Kowace lamba kashi ce cikin 100. Tun da yake buhu kilo 50 ne, watau rabin 100, sai a raba lambar biyu a sami nauyin abin da ke ciki. Ashe ke nan buhun Kamfa yana da kilo 7 da rabi na kowannensu. Buhun Yuriya kuwa an buga masa 46, watau kilo 23 na naitirojin, amma babu sauran biyun.

Ga misali. A ce ana sayar da Yuriya naira 46,000, Kamfa kuma 45,000. Kadan aka raba 46,000 gida 23, kilon naitirojin ya tashi naira 2,000. Kadan aka raba 45,000 gida 7 da rabi, ya tashi 6,000. Saboda haka manomin da ya zuba Kamfa da fari, ya zo ba masararsa taki na biyu, mako 4 zuwa 6 bayan shuka, sa'ad da naitirojin ta fi bukata, sai ya sayi Kamfa buhu 3 kafin ya kusa kamo Yuriya buhu guda. Wanda ya ce Kamfa ya fi araha da naira 1,000, araha ce wadda ba ta ado.

Amma fa kada a yar da Kamfa. Kadan aka haɗa dukkan ukun, kilo 22 da rabi ne, kilo ya tashi naira 2,000 daidai da Yuriya. Kowanne da lokacinsa. Har ila yau, Yuriya sai an binne ta, domin in an bar ta a sarari, wani kashi nata ya kan bi iska.

Wannan lissafi yana aiki a kasuwar abinci. Ƙarfin da abinci ke ba jiki ana auna shi da kalori. Kilon gero yana da wajen 3,600, ɓararriyar gyaɗa wajen 5,700, ɗanyen rogo kuwa wajen 1,600 kaɗai, domin fiye da rabinsa ruwa ne. Ƙaton da ya wuni yana noma yana bukatar kamar 3,000 a rana. Watau gero ƙasa da kilo guda ya ishe shi, rogo kuwa sai kusan kilo 2. Saboda haka rogo bai fi gero araha ba sai kuɗin kilonsa ya kasa rabin na gero. Ko a sa'an nan ma, gero ya fi shi gina jiki nesa ba kusa ba, musamman ga yara.

Hanyar dai guda ce. Mutum ya fara sanin abin da yake bukata cikin kayan, ya gane ko nawa ne ke ciki, sa'an nan ya raba kuɗin da shi. Wanda lissafin ya shige wa duhu, sai ya kwafi lambobin buhun a takarda ya kai wa malamin gona kafin ya fid da kuɗinsa.

Ga na gwaji: buhu mai lamba 20-10-10, kilo nawa na naitirojin ke cikinsa? Kuma in ana sayar da shi naira 40,000, nawa kilon ya tashi?