Darasin Kiwo: Abin da Masu Bincike Suka Gano a Cikin Ɗanyar Madara

Darasinmu na yau a kan madara yake. Ku karanta shi a hankali, kana ku karanta wa waɗanda ba su shiga ajin yaƙi da jahilci ba, musamman mata masu tatsa da masu tallar nono, gama aikin a hannunsu yake.

Ƙasarmu ƙasar bisashe ce. Muna da shanun Azawak masu yawan madara, da shanun Bororo, da jar akuyar Maraɗi, da tumaki da raƙuma. Da madararsu muke dama fura, mu yi kindirmo da man shanu da cuku. Madara abinci ce mai gina jiki. Amma madarar da ke gina jikin yaro, ita ce kuma ke iya kwantar da shi, idan ba a kula ba. Malaman jami'a da likitocin dabbobi sun daɗe suna bincike a kan wannan. A nan gida ana irin wannan aiki a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da tashar kiwon shanun Azawak ta Tukunus kusa da Filinge. Ga abin da ya kamata kowa ya sani.

1. Mene ne a cikin madara?

Idan aka raba madarar saniya kashi 100, wajen kashi 87 ruwa ne. Sauran kashi 13 su ne abincin: mai wajen kashi 4, abin gina tsoka wajen kashi 3, sukarin madara wajen kashi 5, da ɗan gishirin da ke ƙarfafa ƙashi da haƙora.

To, ba mu kaɗai ke son wannan abinci ba. Akwai ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ana ce musu ƙwayoyi. Wasu masu amfani ne: su ne ke mai da madara kindirmo. Wasu kuwa ƙwayoyin cuta ne. Dukansu suna son madara, kuma suna son ɗumi.

2. Yadda ƙwayoyi ke yaɗuwa

Ƙwaya ba ta haihuwa kamar akuya. Rabuwa take yi gida biyu. Idan ɗumi ya yi mata daidai, wata ƙwayar tana rabuwa kowane minti 20. Mu yi lissafi. A ce ƙwaya 1.000 ta shiga ƙwarya:

Bayan awa 1, sun zama 8.000.
Bayan awa 2, sun zama 64.000.
Bayan awa 3, sun zama 512.000.
Bayan awa 4, sun haura miliyan 4.

Allah ya sa wa madara wani kāriya tata da ke tsare ta na ɗan lokaci bayan tatsa, kamar awa 2 zuwa 3. Da wannan lokaci ya wuce, sai ƙwayoyi su samu sarari. Shi ya sa madarar da aka tatsa da asuba, aka bar ta cikin jarka a rana, kafin azahar ta tsinke. Sanyi ne ke hana su yaɗuwa. A gidajen tara madara, irin na Hamdallay da Kollo kusa da Yamai, ana sanyaya ta zuwa digiri 4. Amma ku lura: sanyi kwantar da ƙwayoyi yake yi, ba ya kashe su. Wuta ce ke kashe su.

3. Labarin tsibirin Malta

Malta wani ɗan tsibiri ne a cikin Bahar Rum. A da can sojojin Ingila suna zaune a wurin. Wani zazzaɓi ya addabe su: ya zo, ya tafi, ya komo, wata da watanni. A shekarar 1887 wani likitan soja mai suna David Bruce ya gano ƙwayar cutar a jikin waɗanda suka mutu. Amma ta ina take shiga jikin mutum? Shekara 18 ana nema. Sai a 1905 wani likita ɗan tsibirin, mai suna Zammit, ya gwada awakin garin. Ya tarar da ƙwayar a jikin awaki da yawa, kuma tana fita cikin madararsu. Abin mamaki, awakin suna kiwo, suna ba da madara, kamar lafiyarsu lau. A 1906 aka hana sojoji shan ɗanyar madarar awaki. Nan da nan zazzaɓin ya ragu ƙwarai a barikinsu.

Ita wannan cuta akwai ƴar'uwarta a jikin shanu. Wani likitan dabbobi na ƙasar Danmak mai suna Bang ya gano ta a 1897. Fulani suna ce mata bakkale. Ga alamunta a garke: saniya ta yi ɓari da tsohon ciki, mabiyiya ta ƙi faɗuwa, gwiwa ta kumbura ta tara ruwa. Ga alamunta a jikin mutum: zazzaɓi mai zuwa yana komawa, zufa da dare, ciwon baya da gaɓoɓi, da kasala. Mutane da yawa suna ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Su sha magani, su sake sha, ba sauƙi. Wanda ya ga haka, ya tafi gidan likita, ya faɗa musu yana shan ɗanyar madara ko yana taɓa bisashe masu ɓari. Akwai magani, amma sai an sha shi wajen mako 6 ba fashi.

Darasin Malta shi ne: ganin dabba da ƙiba ba shi ne shaidar madararta ba ta da cuta ba.

4. Sauran cututtukan da madara ke ɗaukowa

Tarin fuka. Robert Koch na ƙasar Jamus ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882. Shanu ma suna da irin nasu, kuma yana kama mutum ta ɗanyar madara. Ga yara yakan fito da kumburi a wuya, ko ciwon ciki mai daɗewa da rama. Saniya mai tsohon tari, mai ramewa ko da akwai ciyawa, a nuna wa ma'aikacin kiwo.

Zawo da amai. Ƙwayoyinsu suna cikin kashin dabbobi da na mutane. Suna shiga ƙwarya ta hannu mai dauɗa, ta wutsiyar saniya, ta ƙuda, ko ta ruwan tabki.

Zazzaɓin Rift. A shekarar 2016 wannan cuta ta ɓulla a jihar Tawa, wajen Cintabaradan da Tasara. Bisashe sun yi ta ɓari, mutane da dama sun rasu. Sauro ne ke yaɗa ta tsakanin bisashe. Mutum ya fi kamuwa wajen yanka da fiɗa da taɓa abin ɓari, kuma likitoci sun gargaɗi jama'a a kan ɗanyar madara.

5. Maganin abin: wuta

Wani masani ɗan Faransa, Louis Pasteur, ya nuna tun wajen shekarun 1860 cewa zafi madaidaici yana kashe ƙwayoyin da ke ɓata abin sha. Daga baya aka bi hanyarsa wajen madara. A masana'anta ana ɗumama ta zuwa digiri 63 har minti 30, ko digiri 72 har daƙiƙa 15, kana a sanyaya ta da sauri. Mu a ƙauye ba mu da ma'aunin zafi, amma muna da tukunya da murhu. A tace madara da tsabtataccen ƙyalle. A ɗora ta a wuta, ana motsawa don kada ta kama. Idan ta tafasa ta taso, a sauke, a rufe.

Wani zai ce: ai idan nono ya yi tsami, cuta ta mutu. Bincike ya nuna tsami yana rage ƙwayoyin cuta, amma ba ya gamawa da su. Ƙwayar bakkale da ta tarin fuka suna iya yin kwanaki a raye cikin nono da ɗanyen cuku. Don haka a tafasa tukuna. A bar madarar ta huce har ta zama ɗumi-ɗumi, yadda yatsa mai tsabta zai jure. A zuba ɗan ludayi na kindirmon jiya mai kyau. A rufe da faifai, a bar ta ta kwana. Kindirmon zai kama da kyau, gama ƙwayoyi masu amfani ba su da abokan takara.

Wata za ta ce: idan aka dafa madara, hantsar saniya za ta ƙafe. Madarar da ta riga ta bar hantsa ba ta da sauran hulɗa da saniya. Abin da ke ƙafar da saniya shi ne yunwa, ƙishirwa da ciwo.

Wani kuma zai ce: kakanninmu ɗanya suka sha. Gaskiya ne. Amma yara nawa aka binne a lokacin, aka ce zazzaɓi ne ko haƙori? Ba wanda ya duba ƙwaryar.

6. Abubuwa biyu da wuta ba ta gyarawa

Na farko, saurar magani. Idan aka yi wa saniya allurar kashe ƙwayoyin cuta, maganin yana fita cikin madara har kwanaki. Tafasawa ba ta kawar da shi duka. Irin wannan madara ba ta yin kindirmo mai kyau, gama maganin yana kashe ƙwayoyi masu amfani. Abin da ya fi muni, shan ta yau da gobe yana sa ƙwayoyin cuta su saba da magani, ranar da yaro ya kwanta, magani ya ƙi ci. A jikin kwalbar an rubuta kwana nawa za a jira. Ku da kuka iya karatu, ku duba, ko ku tambayi ma'aikacin kiwo. Kafin kwanakin su cika, kada a sha, kada a sayar.

Na biyu, dafin fumfuna. A 1960, talotalo wajen 100.000 suka mutu a Ingila. Da aka bincika, sai aka tarar tunkuzar gyaɗa mai fumfuna aka ba su. Idan saniya ta ci dussa, tunkuza ko angurya mai fumfuna, wani abu na dafin yana fitowa cikin madara. Yana ɓata hanta a hankali, kuma wuta ba ta kashe shi. A ajiye abincin dabbobi a busasshen wuri, bisa katako. Wanda ya yi fumfuna a zubar.

7. Gwaje-gwajen da ake yi wa madara

Gwajin baƙin ƙyalle. A tatsa zirin farko na kowane kan nono a kan baƙin ƙyalle. Idan an ga gudaji, ko ruwa-ruwa, ko jini, saniya tana da ciwon hantsa. A tatse ta daga ƙarshe, a zubar da madarar, a nemi magani.

Gwajin cokali. A ɗebi madara a cokali, a kara a wuta. Idan ta tsinke, ta fara lalacewa. Kada a gama ta da sabuwa.

Gwajin nauyi. Lita 1 ta ruwa giram 1.000 ce. Lita 1 ta madara wajen giram 1.030 ce. Masu sayen madara suna da wani ma'aunin gilashi da suke tsomawa. Idan an ƙara ruwa, sai ya nutse fiye da kima, asiri ya tonu.

Gwajin gari. Wasu suna ƙara ruwa, kana su zuba garin rogo don nono ya yi kauri. Idan aka ɗiga aidin, wannan maganin miki, sai wurin ya yi shuɗi. Algus haramun ne, kuma ruwan da aka ƙara yana iya kawo zawo ga ɗan wani. Mai tallar da aka kama sau ɗaya, ta rasa masu saye.

8. Dokokin tatsa guda 8

1. A tatsa a wuri mai shara, nesa da tarin kashin shanu.
2. A wanke hannu da sabulu. Mai tari ko zawo ko miki a hannu kada ya tatsa.
3. A goge hantsa da ruwa mai tsabta, a tsane da ƙyalle mai tsabta.
4. A ɗaure wutsiya. Kada a tsoma yatsa cikin madara don jiƙa kan nono.
5. A wanke ƙwarya da sabulu, a ɗauraye da ruwan zafi, a kife ta a rana bisa abu mai tsawo.
6. Jarka mai ƙaramin baki ba ta wankuwa. A nemi mai faɗin baki, wadda hannu ke shiga. Wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari, kada a kusance ta.
7. A rufe madara, a sa a inuwa, a naɗe mazubin da jiƙaƙƙen buhu. A tafasa ko a kai wurin sayarwa kafin awa 3.
8. Dabbar da ta yi ɓari a ware ta. Kada a taɓa abin ɓari da hannu tsirara. A binne shi da zurfi, a sanar da ma'aikacin kiwo.

Game da jarirai: kafin wata 6, nonon uwa kaɗai. Bayan haka, duk madarar dabba da za a ba yaro, tafasasshiya. Mai ciki ma haka.

9. Tambayoyi don zaman sauraro

1. Me ya sa madarar asuba ke tsinkewa kafin azahar?
2. Me likita Zammit ya gano a jikin awakin Malta?
3. Waɗanne abubuwa biyu ne tafasawa ba ta kawarwa?
4. Lissafi: a ce mace tana kai lita 5 kowace rana, lita ɗaya dala 60. A mako guda an mayar mata da madararta sau 2 don ta tsinke. Dala nawa ta yi hasara? Sabulu nawa wannan kuɗi zai saya a kasuwarku?
5. A garinku, wane ne ke tafasa madara, wane ne ba ya yi? Mene ne dalilinsu?

Ku tattauna, ku rubuta amsoshinku da hannunku, ku ba shugaban zaman sauraro ya aiko mana. Wanda ke da saniya mai ɓari ko mai tari, kada ya jira ranar kasuwa, ya nemi ma'aikacin kiwo tun yau. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, ya albarkaci garkunanmu. Sai darasi na gaba.