Shawarwari Bakwai ga Iyayen Yara Masu Buƙata ta Musamman

Makarantun da aka keɓe wa makafi da kurame, irin ta Tudun Maliki a Kano, ba za su iya ɗaukar dukan yaran da ke buƙatarsu ba. Yawancin yaranmu makarantar unguwa ce a gabansu, kuma za su iya karatu a cikinta matuƙar malami zai koyar da darasi ɗaya, amma ya bi da kowane yaro ta hanyar da zai gane. Ga inda iyaye za su sa hannu.

1. Ku san haƙƙin ɗanku. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro a Nijeriya karatun shekara tara kyauta. Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su ilimi kyauta har ƙarshen sakandare. Idan aka ce babu gurbi, ku tunatar da hedimasta wannan cikin ladabi.

2. Ku fara da asibiti. Sau da dama yaron da ake kira daƙiƙi allo ne ba ya gani, ko muryar malam ce ba ta isa kunnensa. Sanƙarau da ƙyanda da kunne mai zubar ruwa duk suna rage ji. A gwada ido da kunne, ku karɓi takardar likita ku kai makaranta.

3. Ku zauna da malamin aji tun farkon zango. Kada ku tsaya a kan "Malam, a riƙa kula da shi." Ku faɗi abin da kuke so dalla-dalla. Mai raunin ji ya zauna a gaba, malami ya fuskance shi yayin magana, kada ya yi bayani fuskarsa na kallon allo. Mai raunin gani a karanta masa duk abin da aka rubuta, a yi masa manyan baƙaƙe. Wanda fahimta ke ɗaukar masa lokaci a ba shi umarni ɗaya bayan ɗaya, ya yi lissafi da tsakuwa ko marfin kwalba. Wanda hannunsa ba ya riƙe biro ya amsa jarrabawa da baki, ko a ƙara masa lokaci. Duk wannan ba ya cin kuɗi.

4. Ku tanadi littafi guda da zai riƙa kai-komo tsakanin gida da aji. A rubuta ƙaramin buri a kowane wata, kamar rubuta sunansa ko ƙirga ɗaya zuwa ashirin. A auna yaro da inda yake jiya, kada a auna shi da ɗan maƙwabci.

5. Gida ma ya koya. Idan ɗanku kurma ne, uwa da uba da yayye su koyi maganar hannu daga manyan kurame na gari. Idan makaho ne, ku nema masa allon rubutun Braille, wanda ake harhaɗa baƙaƙensa da ɗigo shida.

6. Ku kare shi daga tsangwama. A haɗa shi da abokin zama mai haƙuri. Idan farfaɗiya gare shi, ku gaya wa malami cewa ba a ɗaukarta. In ta tashi a kwantar da shi a gefe, kada a sa masa komai a baki, in ta wuce minti biyar a garzaya asibiti.

7. Kada ku dogara da malami ɗaya, domin gobe ana iya yi masa canji. Ku haɗu da sauran iyaye, ku kai magana kwamitin gudanar da makaranta (SBMC), daga nan ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, har zuwa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB). Ku nemi a ƙirga yaran da ke kowace makaranta, a horar da malamai, a sami ƙwararre mai zagayawa, a yi gangaren da keken guragu zai hau da banɗakin da zai shiga. Wa'adin shekara biyar da dokar masu naƙasa ta bayar don gyara gine-ginen gwamnati ya cika tun Janairun 2024. Ku rubuta buƙatarku, kowa ya sa hannu, ku riƙe kwafi, sannan ku koma bin sawu a zango mai zuwa.