Nasiha Ga Ɗana Mai Shirin Shiga Gwajin Maganin Daina Shan Taba

Saƙonka ya iso. Na ji cewa likitocin asibitin jami'arku suna neman masu shan taba sigari domin gwada wani sabon magani, kuma za su riƙa auna kaifin tunanin duk wanda ya shiga. Ka tambaye ni ko ka ba da sunanka. Da farko, Allah Ya yi maka albarka da ka ƙudurta rabuwa da taba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana hallaka mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara, don haka niyyarka ba ƙarama ba ce. Ba zan hana ka ba, sai dai ina so ka san abin da za ka shiga.

Ka fara da sanin dalilin auna tunanin. Idan ka zuƙi hayaƙi, nikotin yakan isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, ya kama wuraren da wani sinadarin jiki mai suna asetilkolin yake aiki, wanda ke da hannu a natsuwa da riƙe abu a ka. Da shekaru suka tafi, ƙwaƙwalwa ta saba da wannan tallafi. Ranar da ka yanke shi, sai ka ji kanka ya yi nauyi, ka karanta shafi guda sau uku bai zauna ba, ƙaramar magana ta harzuƙa ka. Abin yakan tsananta a makon farko, ya lafa cikin mako 2 zuwa 4 ga yawancin mutane. A nan ne da yawa suke komawa, suna cewa sai da kara ɗaya kansu ke aiki. Masu bincike suna son maganin da zai rage sha'awar taba, ya kuma raka mutum ya haye waɗannan makonni da hankalinsa a tattare.

Ga inda wahalar take. Idan mantuwa ko ƙunci ya same ka a mako na biyu, kai kanka ba za ka iya tantance ko rashin taba ne ko maganin ne ba. Shi ya sa ake raba masu gwaji ta hanyar ƙuri'a: wasu su sha maganin, wasu su sha ƙwayar da babu komai a cikinta, kuma sau da yawa likitan da ke duba ka ma bai san wadda ka samu ba. Kada ka ɗauki wannan a matsayin yaudara, domin za a faɗa maka tun farko. Sai an kwatanta ɓangarorin biyu gaskiya ke fitowa.

Tarihi ya nuna amfanin haka ta fuska biyu. Akwai maganin rimonabant, wanda Turai ta amince da shi a 2006 don rage ƙiba, aka kuma gwada shi wajen daina taba. A 2008 aka dakatar da shi, saboda an ga yana jefa wasu cikin baƙin ciki mai tsanani har da tunanin kashe kai. Akwai kuma varenicline, da aka riƙa sayarwa da sunan Champix ko Chantix. A 2009 hukumar magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mafi tsanani kan sauyin hali. Daga baya aka yi babban gwaji mai suna EAGLES, da mutum 8,144 a ƙasashe 16, kusan rabinsu masu tarihin larurar ƙwaƙwalwa. Sakamakon da ya fito a 2016 bai nuna ƙarin haɗari na a zo a gani ba, aka cire gargaɗin a ƙarshen shekarar. An janye wancan, an wanke wannan, kuma duka biyun sun dogara ne da abin da mutane irinka suka faɗa wa likitoci.

Saboda haka, ɗana, gaskiyarka amana ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Idan ka zame ka sha kara ɗaya, faɗi. Idan barcinka ya rikice, ko mafarkai suka yi yawa, ko zuciyarka ta yi duhu, faɗi, kada kunya ta hana ka. Idan aka zaunar da kai gaban kwamfuta don gwajin tuna lambobi, yi iya ƙoƙarinka kawai, ba jarrabawar cin kyauta ba ce. Ka gaya musu yawan goro da kofi da kake sha, domin hayaƙin taba yana sa hanta ta gaggauta narkar da sinadarin kafin da ke cikinsu, kuma da zarar ka daina sai ya fi daɗewa a jikinka, ya hana ka barci, a ɗora wa maganin laifi.

Kai ma kana da haƙƙi. Mu mutanen Kano ba mu manta da gwajin maganin Trovan na 1996 lokacin annobar sanƙarau ba, da shari'ar da ta biyo baya kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata. Karanta takardar amincewa a tsanake kafin ka sa hannu. Tambayi kwamitin da ya amince da binciken, da wanda zai ɗauki nauyin jinyarka idan wani abu ya faru, da lambar da za ka kira cikin dare. Kana da ikon fita duk ranar da ka so. Ka sanar da wani aboki na kusa ya riƙa lura da halinka, kuma kada ka tuƙa mota ranar da kake jin jiri.

Idan kuma zuciyarka ba ta kwanta ba, hanyar daina taba ba ta toshe ba. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar varenicline, bupropion, cytisine da cingam ko filastar nikotin, haɗe da shawarar ma'aikacin lafiya. Ko ka shiga ko ba ka shiga ba, tsayar da ranar dainawa, ka kuma sanar da ni domin in taya ka da addu'a. Allah Ya ba ka juriya, Ya tsare maka lafiyarka da hankalinka.