Kaskar kifin teku

Ruwan teku yana da gishiri. A cikin kowane litir guda akwai gishiri wajen garam 35, wato cikin babban cokali biyu. Yawancin kifayen teku ba su rayuwa sai a cikin irin wannan ruwa. Wasu ja ne, wasu shuɗi, wasu rawaya, wasu kuma masu zane-zane kamar atamfa. Saboda kyawunsu, mutane suna kiwon su a cikin akwatunan gilashi cike da ruwan gishiri.

A birnin Bulon-sur-Mer na ƙasar Faransa akwai wani babban gidan kallon kifi mai suna Nausicaá. An buɗe shi a shekarar 1991. A shekarar 2018 aka ƙara masa wani tafki na gini mai cin ruwa litir miliyan 10. A irin waɗannan gidaje, in an kawo sabon kifi, ba a zuba shi cikin sauran kifaye nan take. Ana killace shi tukuna a wani ƙaramin akwati, shi kaɗai, har sati 4 ko 6. Makiyayi mai hankali ma haka yake yi in ya sayo tunkiya a kasuwa: yakan ɗaure ta gefe guda, ya ga lafiyarta, kafin ya haɗa ta da garke.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ake jin tsoro shi ne wani ƙwaro da masana suke kira izofod. Ma'anar sunan ita ce «mai ƙafafu iri ɗaya». Yana da ƙafafu 14, bakwai a dama, bakwai a hagu. Bayansa yana da ɓawo mai tauri, gaɓa-gaɓa. Danginsa su ne ƙaguwa da jatan lande. Yawancin izofod ba su cutar da kowa, mushe da ruɓaɓɓen ganye suke ci. Amma wasu jinin kifi ne abincinsu. Yadda kaska take yi wa saniya, haka suke yi wa kifi.

Masu shan jinin nan ba halinsu ɗaya ba.

Akwai manya. Tsawon wasu yakan kai santimetir 3. Ƙafafunsu suna da farata masu lanƙwasa kamar ƙugiya. Da su suke maƙalewa a fatar kifi, ko a cikin bakinsa, ko a ƙarƙashin murfin nan na gefen kai inda yake numfashi. In sun kama, sun zauna ke nan. Abin mamaki, kowane ɗayansu da namiji yake farawa, daga baya wasu su rikiɗe su zama mata. Macen tana riƙe ƙwanta a cikin wata jaka da ke ƙarƙashin cikinta, har su ƙyanƙyashe. Sai ƴaƴan su fito, su watsu cikin ruwa suna neman nasu kifin.

A tekun da ke yammacin ƙasar Meziko akwai wata irinsu da take shiga bakin kifi ta kama harshensa. Tana shan jinin harshen har ya motse ya faɗi. Sai ta zauna daidai wurin, ta zama kamar ita ce harshen. In kifin ya buɗe baki, idanunta biyu baƙaƙe ake hangowa.

Akwai kuma ƙanana, waɗanda tsawonsu bai wuce milimetir 2 ko 3 ba. Waɗannan halin kuɗin cizo gare su. Da rana suna ɓoye cikin yashi da ramukan duwatsu. In dare ya yi, sai su fito su hau kifi, su sha jini har cikinsu ya kumbura, su saki, su koma maɓoyarsu. Sau uku suke yin haka kafin su girma. In sun girma ba su ƙara cin kome, sai haihuwa. Babban kifi yakan jure cizonsu. Ɗan ƙaramin kifi kuwa, in sun yi masa yawa, jininsa yakan ƙare ya mutu.

Kifin da yake fama da su ba ya ɓoyuwa ga mai lura. Yana goga jikinsa a bangon akwati. Yana numfashi da sauri. Ya rage cin abinci, ya rame, launinsa ya dusashe. Wani lokaci ana ganin jan tabo a wurin cizon. Ta wannan rauni ƙwayoyin cuta suke shiga.

Babban ƙwaro ba shi da wuyar magani, tun da ido yana ganinsa. Mai kiwo yakan kamo kifin da ƴar koma, ya kwantar da shi a kan jiƙaƙƙen ƙyalle. Sai ya sa hantsaki ya kama ƙwaron, ya ɓamɓare faratan a hankali. Ba a fizga, don kada fatar kifin ta yage. Aikin yana son sauri, domin kifi ba ya daɗewa a waje da ruwa. In an gama, a shafa magani a raunin, a maida shi.

Wata dabara ita ce wankan ruwan daɗi. Ana tsoma kifin teku cikin ruwan da ba shi da gishiri har minti 3 zuwa 5. Dole zafin ruwan ya zama daidai da na akwatin. Kifi yana iya jure wannan ɗan lokaci. Ƙananan ƙwari kuwa, ruwan yana shiga jikinsu, su galabaita, su saki. Amma manya masu taurin ɓawo sau da yawa ba su saki. In kifin ya fara kifewa, ana fid da shi nan da nan.

Akwai magungunan da ake zubawa a ruwa, amma guba ce, likitan dabbobi kaɗai yake auna ta. Gubar da take kashe izofod tana kashe ƙaguwa da jatan lande, tun da dangi ɗaya ne. Shi ya sa ba a zuba ta a babban akwati inda halittu iri-iri suke zaune tare.

Ƙananan nan masu fitowa da dare su ne suka fi ba da wahala. Mai kiwo zai duba kifinsa da rana ya ga fes, ya ce lafiya lau. Don haka ne ba a sa yashi ko duwatsu a akwatin killacewa. Guntun bututun roba kawai ake sawa, kifin ya sami wurin fakewa. Ƙwaro in ya saki kifi, ba shi da ramin shiga. Yana nan a ƙasan gilashi, sai a zuƙe shi da tiyo a zubar. Da dare mai kiwo yakan zo da tocila ya haska. Yakan kuma ɗana tarko: ƴar kwalba da guntun naman kifi a ciki. Da asuba ya ɗaga ya duba. In ya sami ko da ƙwaro guda, sai ya sake ƙirgen kwanakin tun daga farko. Koma da bokitin wannan akwati ba a taɓa wani akwati da su.

A cikin teku, kifaye suna da nasu wanzamin. Wani ɗan kifi ne mai shuɗi da baƙin zane, tsawonsa kamar yatsa. Manyan kifaye suna zuwa wurinsa, su tsaya cik, su buɗe baki. Shi kuwa ya bi jikinsu yana tsince ƙwarin yana ci. Masana a ƙasar Ostareliya sun ƙirga, sun ga guda ɗaya yana cin ƙwari wajen 1200 a yini.

Kalmomi
teku : la mer
killacewa : la quarantaine
hantsaki : la pince
kaska : la tique
ƙaguwa : le crabe

Tambayoyi
1. Ƙafafu nawa ne izofod yake da su?
2. Don me ba a sa yashi a akwatin killacewa?
3. Mene ne ya sa ba a fizge ƙwaron da ƙarfi?
4. Garam nawa na gishiri ake bukata don haɗa litir 20 na ruwan teku?