Gishiri, Gumi da Hawan Jini

Gishiri yana riƙe ruwa a jiki. Idan ya yi yawa, sai jiki ya tara ruwa don ya tsarma shi, jini ya ƙaru, zuciya ta riƙa tura shi da ƙarfi cikin jijiyoyi. A kwana a tashi sai hawan jini ya kama mutum, wato awonsa ya riƙa kai 140/90 ko ya zarce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a yini, kimanin cikin cokalin shayi ɗaya ke nan, alhali abin da yawancin mutanen duniya ke ci ya ninka haka.

Wasu kan ce manomi da ɗan dako da mai buga ƙwallo ba ruwansu da wannan gargaɗi, tunda gishirinsu na fita ta gumi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, don ga farin gishirin nan yana kwantawa a bayan rigar wanda ya wuni yana huɗa. Amma ƙoda ce ke fitar da kusan kashi 90 cikin 100 na gishirin da aka ci, ta hanyar fitsari. Haka kuma jikin da ya saba da zafin rana yakan koyi rowar gishiri, ya rage wanda yake saki cikin gumi. Manoman shinkafa na Akita, a arewacin Japan, shaida ne. A shekarun 1950 suna aikin ƙarfi, suna cin gishiri fiye da giram 20 a yini, kuma shanyewar ɓarin jiki ta yi musu mummunar ɓarna.

Wannan bai rage wa motsa jiki daraja ba. Tafiya da sauri ko tuƙa keke na minti 150 a mako kan sauko da lambar sama ta awon mai hawan jini da maki 5 zuwa 8. Rage gishiri ma yana nasa aikin. Idan an haɗa su amfanin yana ƙaruwa, sai dai ɗaya ba ya biyan bashin ɗaya.

Galibin gishirin kuwa a tukunya yake ɓuya. Kusan rabin dunƙulen magi gishiri ne, ga shi akan jefa uku ko huɗu a miya, sannan a ƙara gishiri, a zo a barbaɗa yaji mai gishiri a kai. Kanwa ma dangi ce, don sinadarin gishiri da ke tayar da jini yana cikinta. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun danganta yawan shan kunun kanwa da wankan jego da ciwon zuciyar masu jego. A maimakon yawan gishiri, daddawa da albasa da tafarnuwa da citta suna ba miya ɗanɗano, kuma harshe kan saba cikin 'yan makonni.

Hawan jini ba ya yawan nuna alama, saboda haka mai ƙarfi ma ya riƙa zuwa awo. Wanda nasa ya yi sama ƙwarai ya ga likita kafin ya fara motsa jiki mai tsanani, mai shan magani kuma kada ya ajiye shi don ya fara gudu.