Tsibiri biyar cikin kwana shida: wa ya rubuta muku wannan takarda?

Akwai wata takardar tsarin tafiya da nake ajiye da ita a wayata, in nuna wa duk wanda ya shigo ofis yana cewa yana son kai iyali Maldibis su “zagaye tsibirai”. Wani da ke kiran kansa ejan ne ya rubuta ta, an ƙawata ta da hotunan ruwa shuɗi da bishiyar kwakwa, har da tambari. Kwana shida, tsibiri biyar. Waɗanda aka rubuta wa kuma su ne magidanci da matarsa, da yara uku, ƙaramin bai kai shekara uku ba, da mahaifiyarsa mai ciwon gwiwa da hawan jini.

Alhajin nan wajena ya fara zuwa. Hutun makaranta ne, watan Agusta, kuma mako ɗaya tak ya samu ya bar kasuwa. Na tsara masa tsibiri biyu: kwana uku a Maafushi, kwana biyu a wani otal da kwale-kwale ke kaiwa daga filin jirgi, daren ƙarshe a Hulhumale, kusa da filin jirgi. Ya duba, ya ajiye takardar a kan tebur, ya ce, “Haba Malam, duk wannan kuɗin jirgi, tsibiri biyu kacal? Yara za su ce me suka gani?” Na ce, ranka ya daɗe, da Hajiya Babba a cikin tafiyar, biyun ma sai an lallaɓa. Ya ce zai yi shawara. Shawarar ita ce wani yaro a Instagram da ya yi masa alkawarin biyar, a kan kuɗin da bai kai nawa ba.

Ga abin da yaron ya rubuta. Laraba su sauka, su kwana a wani otal a rukunin tsibiran Baa. Alhamis Maafushi. Juma'a da Asabar Dhigurah. Lahadi Thoddoo. Litinin wani otal mai ɗakuna a kan ruwa, Talata da safe su kama jirgin gida. Duk wanda ya taɓa sayar da Maldibis ko sau ɗaya, da ya ga wannan zai riƙe kai. Baa tana arewa, Maafushi tana kudu da Male, babban birnin ƙasar, Dhigurah tana can kudancin Ari, Thoddoo tana arewacin Ari. Ƙasar tsibirai ce kusan 1,200 a jere, tsawonta daga arewa zuwa kudu ya haura kilomita 800, kuma yawancin zirga-zirga tsakanin rukuni da rukuni sai ka dawo Male tukuna ka sake fita. Yaron ya kalli taswira ya ga ɗigo kusa da ɗigo, ya ɗauka tashar Unguwa Uku ce, mota na cika wata na jawowa.

Jirginsu ya sauka filin jirgin Velana ranar Laraba bayan ƙarfe uku na rana. Kafin a buga fasfo, a ɗauki kayan mutum shida, a tura Hajiya a keke, jiragen da ke sauka a kan ruwa sun rufe aiki. Waɗannan jirage da hasken rana kawai suke tashi, kowa a harkar nan ya sani, shi ya sa kafin ka sayar wa mutum otal mai nisa kake fara duba lokacin saukarsa. Daren farko, wanda shi ne mafi tsada a duk tafiyar, ya tafi a banza. Alhaji ya nemi ɗakuna biyu a Hulhumale ya biya daga aljihunsa.

Alhamis da safe aka zo awo. Kilo 20 ne na kowane mutum a jirgin da ke sauka a ruwa, da 5 na hannu. Su kuwa sun taho da nauyin da babban jirgi ya ba su, har da garin kunu da yaji da man shanu na Hajiya, da akwatin kayan ɗaukar hoto na uwargida. Aka biya kuɗin ƙari a kan wasu, akwati biyu aka bar su a ajiya a filin jirgi. A ɗaya daga cikin biyun nan maganin hawan jinin Hajiya yake, ba wanda ya tuna.

Sun isa Baa wajen sha ɗaya na safe, a ranar da takarda ta ce su kwana a Maafushi. Alhaji ya ce ba inda za shi, ya sake biyan dare guda a otal ɗin a farashin ranar, ɗakin Maafushi ma ya bi na Laraba. Dare biyu ke nan an biya ba a kwana ba.

Juma'a ce ta fi ɓata mini rai. Takarda ta ce daga Male su hau “feri mai araha” zuwa Dhigurah. Ranar Juma'a ferin gwamnati ba ya aiki a Maldibis. Ƙasar Musulmi ce, Juma'a da Asabar ne hutunsu, kuma wannan ba wani ɓoyayyen sirri ba ne da sai ka je ka gano. Ko a ranar da yake aiki ma, wa zai ɗora tsohuwa da ɗan shekara biyu a kan bencin feri su wuni a teku? Da suka dawo Male daga Baa, suka tsaya a bakin ruwa da kaya, Alhaji na kiran yaron, waya a kashe. Sallar Juma'a ta wuce shi yana ciniki, kujerun kwale-kwalen haya sun cika, daga ƙarshe ya ɗauki shatar guda a kan kuɗin da har yanzu ba ya son faɗa.

Daga Male zuwa Dhigurah a kwale-kwale mai gudu wajen awa biyu ne idan teku ya kwanta, kuma akwai inda za ka fita daga inuwar tsibirai ka ratsa buɗaɗɗen ruwa. A watan Agusta teku ba ya cika kwantawa. Daga Mayu zuwa Nuwamba iskar kudu maso yamma ce ke kaɗawa, da ruwan sama da igiyar ruwa. Raninsu Disamba ne zuwa Afrilu. Kwale-kwalen na ɗagawa yana faɗowa, Hajiya ta yi amai har ta galabaita, gwiwar na bugun kujera, ƙaramin yaron ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Rigar ceto daidai jikinsa ma babu a ciki, ta manya aka naɗa masa uwarsa ta rungume shi.

Da daddare wani abokin Alhaji ya haɗa mu a waya. Ban ce masa ai na gaya maka ba, don muryarsa kaɗai ta isa. Ya ce, “Malam, Hajiya ta ce ko a kan tsibirin nan za a binne ta, ba za ta sake shiga jirgin ruwa ba.” Na ce to a bi maganar Hajiya, ta fi takardar nan hankali. Muka soke Thoddoo, muka soke otal ɗin daren ƙarshe, wanda da ma tarko ne: yaron ya sa su kwana a wurin da sai jirgi mai sauka a ruwa, alhali jirginsu na gida da safe zai tashi. Ruwan sama na awa ɗaya ya isa ya sa tikitin mutum shida ya ƙone. Mai masaukin ya raka su ɗakin shan magani na tsibirin aka auna Hajiya aka ba ta magani. Suka yi kwana uku a Dhigurah. Litinin aka lallashe ta ta yi ɗan gajeren ƙetare zuwa Maamigili, suka hau jirgin cikin gida na kamar minti ashirin zuwa Velana, suka karɓi akwatunansu, suka kwana Hulhumale.

Kwana ukun nan su ne hutun. Tsibirin dogo ne siriri, rairayi har ƙarshensa, da masallaci a cikin gari, abinci duk halal, ba mai sayar da giya. Yaran suka wuni a ruwa mara zurfi, manyan biyu aka fita da su neman kifin nan mai girman gaske da yankin ya yi suna da shi, Hajiya tana inuwa da carbinta. Abin da na so in ba su ke nan tun farko, sai da suka zubar da rabin mako da dalolin da ba su da iyaka kafin suka same shi.

To ku ji. Duk sauya tsibiri yana cin yini guda. Ba rabin yini ba, guda. Ka fita ɗaki sha biyu, wancan ba zai ba ka ɗaki ba sai biyu, tsakani kuma haɗa kaya ne da jiran jirgi da yaro mai jin yunwa. Mako ɗaya da iyali, tsibiri biyu. Idan akwai tsoho ko goyo, ɗaya, sauran a je musu da safe a dawo da yamma. Daren ƙarshe a kwana inda mota za ta kai ka filin jirgi.

Mai son ya ce ya taka tsibirai da yawa, hanyarsa a buɗe take ba tare da ya ja akwati ba. Ka sauka Maafushi, ƙasa da awa ɗaya daga filin jirgi. Gulhi na nan kusa, Guraidhoo na nan kusa, kullum akwai masu fita da baƙi zuwa tudun rairayi a tsakiyar ruwa. Ka tafi da jaka ɗaya da tawul, ka dawo ɗakinka ka yi Magariba. Ranar da teku ya tashi sai ka fasa, ba abin da ka rasa. Tun 2009 aka ba mutanen tsibiran izinin buɗe masaukin baƙi a garuruwansu, kuma ga iyali irin namu sun fi manyan otal-otal daɗin zama: mata na shiga ruwa da suturarsu ba mai kallonsu, ana kiran salla kana ji. Amma sai mutum ya ce shi ɗakin kan ruwa yake so don hoto, da ɗan shekara biyu mai rarrafe zuwa bakin katako. Otal da yawa ma ba sa karɓar ƙananan yara a waɗannan ɗakuna, wasu sai ka sa hannu cewa duk abin da ya faru kai ka jiyo. Ejan bogi ba zai gaya maka ba, shi kamashonsa yake hange.

Su ma masu tafiyar ba zan wanke su ba. Mutum zai kashe miliyoyi a tikiti, amma ya kasa tambaya ɗaya: ƙarfe nawa zan sauka, ƙarfe nawa jirgin ƙarshe ke tashi zuwa inda zan kwana? Ya ƙirga kwanan hutu tun daga ranar da ya bar Kano, alhali tafiya da jiran canjin jirgi a Doha ko Dubai sun cinye yini a zuwa, yini a dawowa. Suna gabanmu da awa huɗu, yara ba za su yi barci da wuri ba, ba za su tashi da wuri ba, kai kuma ka sa musu kwale-kwalen bakwai na safe washegarin sauka. Wasu otal-otal ɗin ma agogonsu na gaba da na Male da awa ɗaya, ka tambaya da wane agogo aka rubuta maka lokaci.

Magani a jakar hannu. Na faɗa wa mutane har na gaji: maganin hawan jini, na suga, na asma, a jakar hannu, ba a akwati ba. Na tashin zuciya a sha kafin a shiga ruwa, bayan an tambayi likita a kan na yara da na tsofaffi.

Farashin da ya yi araha fiye da kima, ka duba ko da haraji a ciki. Akwai kashi 10 na hidima, akwai kashi 17 na harajin yawon buɗe ido tun Yulin 2025, akwai harajin muhalli dala 12 kowane mutum kowane dare a manyan otal, dala 6 a ƙananan masaukai, 'yan ƙasa da shekara biyu ne kaɗai aka ɗauke wa. Kuɗin jirgin da zai kai ka otal shi ma sau da yawa daban yake, kuma a kan kowane kai ne. Alhajin nan duk a can ya ji waɗannan, a gaban kanta, uwargida na tsaye.

Katin rigakafin shawara kada a bar shi a gida. Fom ɗin shiga ƙasa na IMUGA a cike shi cikin awa 96 kafin sauka. Dala kuma a tafi da sababbi, tsohuwa ko mai yagewa ba kowa ke karɓa ba.

Kuma don Allah ku daina sa tafiya ranar Juma'a. Kwale-kwalen haya na fita, amma ba kamar sauran ranaku ba, kantuna na rufewa lokacin salla, wanda zai taimake ka yana masallaci. Kafin ka sa yaro a kowane jirgin ruwa, ka ce a nuna maka rigar ceto daidai jikinsa, ka sa masa ita da hannunka tun kuna bakin gaɓa. Idan sun ce babu, ku jira na gaba.