Jakin Jita Mai Lilo: Kimiyyar Zaɓen Wanda Ba Ya Ɓata Saiti

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗin kalangu ya san yadda yake matse tsirkiya a hammata, fatar ta ɗame, amon ya yi zaƙi, in ya saki kuma amon ya koma da kauri. Jitar lantarki ma tana da na'urar da ke yin irin wannan aiki. Jaki ne na ƙarfe mai hannu, wanda makaɗi ke dannawa domin ya sassauta tsirkiyoyi shida gaba ɗaya, sa'an nan ya saki su koma yadda suke. Wajen komowar nan ne matsala take. Jaki nagari yana mayar da kowace tsirkiya daidai inda ta baro, marar kyau kuwa sai ya bar makaɗi da ɓataccen saiti a tsakiyar waƙa, a gaban jama'a.

Asalin Na'urar

A shekarar 1954 ne Leo Fender, wani mai ƙera kayan kiɗa a garin Fullerton na jihar Kalifoniya ta Amurka, ya fitar da jitar da ake kira Stratocaster tare da wannan jaki mai lilo. Kafin shi akwai wasu, kamar na Paul Bigsby, amma na Fender ne aka fi kwaikwayo har yau. Ya raɗa masa suna tiremolo, alhali a wurin masana kiɗa tiremolo na nufin hawa da saukar ƙarfin amo, shi kuwa jakin kaifin amo yake sauyawa, wanda sunansa bibirato. Sunan ya riga ya bi shi. Jimi Hendrix ya nuna iyakar abin da hannun jakin zai iya a bikin Woodstock na 1969, Jeff Beck kuma, wanda ya rasu a 2023, ya shahara da sa jita ta yi kamar muryar mutum da shi. Mdou Moctar na ƙasar Nijar ma Stratocaster yake kaɗawa.

A ƙarshen shekarun 1970 Floyd Rose ya ƙirƙiro jaki mai kulle, wanda ke damƙe tsirkiya a bakinta biyu, wato a jakin kansa da kuma a ƙaramin jakin da ke ƙarshen wuyan jita. Yana riƙe saiti ƙwarai, sai dai canza tsirkiya a kansa na cin lokaci, ba a kuma kwance shi sai da ɗan makulli mai kusurwa shida. Saboda haka makaɗa da yawa suka zauna a kan marar kulle, wanda shi ne abin nazari a nan.

Ja-in-ja Tsakanin Tsirkiya Da Sifirin

Tsirkiyoyi shida masu matsakaicin kauri, waɗanda siririyarsu take da kaurin inci 0.010, suna jan jaki da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 46 ko kusa da haka. Abin da ke hana jakin kifewa shi ne sifirin da ke cikin wani rami a bayan jita, galibi guda uku, ko da yake akwai gurbin biyar. Sifirin ɗin suna maƙale da wani curin ƙarfe da ya sauko daga ƙasan jakin, shi kuma jakin yana lilo a kan gefensa na gaba kamar sikeli mai tafi biyu. Da yake curin ya fi nisa da wurin lilon a kan tsirkiyoyi, sifirin ba sa bukatar ja da cikakken kilo 46 kafin su daidaita sikelin.

Ɗalibin ilimin halittu zai tuna da dantsen mutum, inda ƙwanji ke naɗe hannu, tsokar baya kuma ke miƙe shi, gwiwar hannu tana tsakani. In gaɓar ta cije, hannu ba zai koma inda ake so ba, komai lafiyar tsoka. Haka abin yake ga jaki. Robert Hooke ya wallafa a 1678 cewa miƙewar sifirin tana tafiya daidai da ƙarfin da aka ja shi da shi. Ma'anar wannan ita ce wuri ɗaya tak ne jan tsirkiya da jan sifirin suke yin kunnen doki, kuma can ya kamata jaki ya komo kullum. Abin da ke hana shi komowa shi ne gugar ƙarfe da ƙarfe.

Ƙaramin Kuskure, Babban Lahani

Marin Mersenne, masani ɗan Faransa, ya bayyana a 1636 cewa sai an ninka ɗaurin tsirkiya sau huɗu kafin yawan kaɗawarta ya ninka sau biyu. Siririyar tsirkiyar jita tana kaɗawa kusan sau 330 a sakan ɗaya, mai kaurin kuwa kusan sau 82. Tazarar da ke tsakanin matakin jita da wanda ke bi masa ita ce ƙarin kaɗawa na kusan kashi 6 cikin 100, wanda ke bukatar ƙarin ɗauri na kusan kashi 12 cikin 100. Masana sun raba wannan tazara gida 100, kowane gida suna kiransa sent.

Yanzu a ɗauka tsirkiya ta komo da ƙarin ɗauri na kashi 1 cikin 100 kacal. Kaɗawarta za ta ƙaru da rabin kashi 1 cikin 100, wato kusan sent 9. Kunnen ɗan Adam yana iya kama wannan bambanci, musamman in aka kaɗa tsirkiyoyi biyu ko uku tare, domin amonsu zai riƙa karo yana rawa.

Inda Gugar Take

Wuri na farko shi ne inda jakin ke lilo. Tsohon samfuri yana jingine da sukurori shida, kowannensu wurin guga ne. Masu gyara sukan ɗan ɗaga huɗun tsakiya, su bar biyun gefe su ɗauki aikin. Sabon samfuri kuwa yana lilo a kan turaku biyu, da baki mai kaifi kamar na wuƙa da ke zaune cikin tsagin kowane turke. Leo Fender da kansa ya koma kan turaku biyu a kamfanin G&L da ya kafa daga baya, kamfanin Fender ma ya bi wannan hanya a ƙarshen shekarun 1980. Gotoh da Wilkinson da Hipshot duk suna ƙera irinsa.

Wuri na biyu shi ne ƙaramin jakin wuya, mai tsagi shida, kuma a nan ne yawancin laifin yake. In aka danna hannu, tsirkiya takan ɗan zame ta cikin tsaginta zuwa wajen kunnen ɗauri. In aka saki, dole ta zamo baya. Idan tsagin ya matse ta, sai ta maƙale, ɓangaren da ake kaɗawa ya zauna a ɗame fiye da ƙima, amon ya haura. Sauran wuraren su ne ɗan ƙarfen da ke danne tsirkiya a kan jita, da naɗin tsirkiya a jikin kunne, da sirdin da kowace tsirkiya ke hawa a kan jaki.

Abubuwan Lura Wajen Zaɓe

Abu na farko shi ne awo. Tazarar tsirkiyar farko zuwa ta shida a tsohon samfurin Fender milimita 56 ce, a sabon samfuri kuma wajen milimita 52. In aka ɗora mai faɗi a kan jita mai siririn wuya, tsirkiyoyin gefe za su riƙa zamewa daga matakai. Haka nan tazarar ramukan sukurori ko na turaku ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, tsawon curin kuma dole ya dace da kaurin jikin jita. Wanda ya sayi jaki bai auna ba, ƙarshenta sai an toshe ramuka an huda sababbi, wannan kuwa aikin gwani ne, kuskure a cikinsa yana rage darajar jita.

Na biyu shi ne taurin ƙarfe. Nauyin ɗaurin nan duka yana sauka a kan bakin lilo, wanda faɗinsa ɗan kaɗan ne. In farantin jakin ba na tataccen ƙarfe mai tauri ba ne, bakin zai dakushe, ya yi gurbi fiye da ɗaya, jaki ya riƙa tsayawa yau nan gobe can. Mai saye ya duba bakin da kyau a cikin haske, ya ga ko akwai dakushewa ko ɓantarewa.

Na uku shi ne curi. Ana yin sa da baƙin ƙarfe, ko tagulla, ko narkakkiyar tutiya da aka zuba a mazubi. Ta tutiya ta fi araha da sauƙin nauyi, amma zaren ramin da hannu ke shiga ya fi saurin cinyewa, curin ma yakan tsage. Makaɗa suna yawan muhawara a kan wanne ya fi daɗin amo, wannan kuwa magana ce ta kunne da ra'ayi. Ƙarko dai baƙin ƙarfe da tagulla ne a gaba.

Na huɗu shi ne mazaunin hannu. Wanda ake murɗawa a zare yakan yi kwance da daɗewa, sai a ji yana girgiza kafin jaki ya motsa. Wanda ake turawa cikin zoben roba, da ɗan sukurun matsewa a gefe, ya fi zama daram.

Na biyar shi ne sirdi. Gumin hannu yana ɗauke da gishiri, wanda ke saurin kawo tsatsa, balle a lokacin damina. Sirdin ƙarfe marar tsatsa, mai santsin baki, ya fi daɗewa, kuma bai cika tsinka tsirkiya ba.

Lilo Ko Zama

Ana iya saita jaki ya ɗaga bayansa da kamar milimita 3 daga jikin jita, yadda hannu zai yi sama da ƙasa. Illar wannan ita ce in tsirkiya ɗaya ta tsinke, sifirin za su rinjayi sauran biyar, dukkansu su haura. Ana kuma iya ƙara ɗaure sifirin har jaki ya kwanta a kan katako. A nan hannu ƙasa kawai zai yi, amma jakin ya sami tabbataccen wurin komowa. Mai koyo, da wanda ke kiɗa a wurin da tsirkiya ke wuyar samu, wannan saitin ya fi musu kwanciyar hankali.

Gwajin Gano Mai Laifi

A saita jita da manhajar saiti ta wayar hannu, a danna hannu sau goma, a sake aunawa. Idan tsirkiyoyi shida duk sun kauce ta fuska ɗaya, laifin na wurin lilo ne ko na sifirin. Idan ɗaya ko biyu ne kawai suka haura, a danna su da yatsa a bayan ƙaramin jakin wuya. Jin wani ɗan ƙas, ko sauyawar amo bayan an saki, alama ce tsagin ne ya riƙe. Maganinsa a gyara tsagin, a goga masa baƙin fensir, wanda ke rage guga ba tare da ya tara ƙurar hunturu kamar mai ba. A kuma rage naɗin tsirkiya a kunne zuwa biyu ko uku. Sau da yawa wannan ya isa, ba sai an sayi sabon jaki ba. In kuwa gwaji ya nuna jakin ne, to sayen nagari mayar da kuɗi gida ne.

Aikin Aji

Malami zai iya ɗaure tsohuwar siririyar tsirkiyar jita a ƙusa a kan katako, ya ɗora ta kan ƙarafa biyu da ke nesa da juna da santimita 60, ya rataya kilo 1 a ɗaya bakin, ɗalibai su kaɗa su auna da waya. Daga nan a mayar da nauyin kilo 4, a ga ko kaɗawar ta ninka sau biyu. In ba ta kai ba, ɗalibai su nemo inda tsirkiyar ta cije, su shafa baƙin fensir, su sake aunawa. Kowa ya kau da fuskarsa daga tsirkiyar yayin ƙara nauyi, domin in ta tsinke tana iya raunata ido.